Tsirkiya ta Biyar

Litinin, da hantsi

Yau na sauko da ita. Shekara talatin ina shiga ɗakin malamina, Saya U Paw Nyein, ina ganin garayar nan a kan kanta an lulluɓe ta da tsohon zane, ban taɓa ɗaga zanen ba sai yau. Saung ce, garayar ƙasarmu, irin ta da, wadda ya gada a wajen nasa malamin: ciki kamar ƙaramin kwale-kwale an ɗame shi da fatar barewa, wuya ya lanƙwaso sama ya ƙare da siffar ganye. Ba ta da ƙusoshin murɗawa irin na garayun yanzu. Kowace tsirkiya da jar igiyarta da ake naɗewa a wuya. In ana so murya ta hau sai a tura igiyar sama, in ana so ta sauka a jawo ta ƙasa. Tsirkiyoyin kam tuni kwari suka gama da su, igiyoyin ne kawai suka rage, su ma sun koɗe.

Da zafin bana Saya, wanda shi kaɗai ke kirana Mi Nyo ba Ma Nyo ba, ya ce min, "Mi Nyo, bana in watan fitilu ya cika, ranar gaisuwar malamai, da waccan za ki kaɗa min Jirgi Ya Juya. Da siliki, ba da wannan igiyar kamun kifin da kuke ɗaurawa ba. Ina so in sake jin sa yadda malamina ya bar shi."

Na ce to, amma ni fa ban iya igiya ba, da ƙusa na tashi.

Ya ce, "Bari ruwa ya ɗauke tukuna, zan nuna miki."

Ruwa bai ɗauke ba. Larabar nan ta riga shi, ranar da ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya rufe.

Talata, da yamma

Kyi Pyar, 'yarsa da ta zo daga Yangon, ta tare ni a bakin kicin tana matse tsumma.

"Ma Nyo, gara ki ji daga bakina kafin maƙwabta su kai miki. Kashegarin cikar wata zan tafi da Baba. Can akwai likitoci. Nan kuwa ban da ruwan sama da ku masu zuwa ku zauna ku zuba masa ido, me ake da shi?"

Na ce, "Garayar fa?"

"Gidan sufaye za ta. Suna da akwatin gilashi inda suke ajiye tsoffin agogunan da mutane ke kawowa. Baba ya samu lada."

"Garaya ce fa, Kyi Pyar, ba agogo ba."

"Garayar da tun ina goye ban taɓa jin kukanta ba? Ki kaɗa masa ranar gaisuwa in kin iya, ni ban hana ki ba. Amma kar ki fita min da ita daga gidan nan."

Ban ga laifinta ba. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke ɗura masa kunu da cokali. Abin da ke ɓata min rai kawai yadda take kwatsa masa "Baba!" a kunne kamar kurma. Ba kurma ba ne. Ban san me yake ba yanzu, amma ba kurma ba ne.

Laraba, da safe

Ba na son Laraba.

Alhamis, da almuru

Na je Amarapura wajen masaƙa neman mai murza tsirkiya. Gida gida aka yi ta tura ni har na ƙare a wajen Daw Ohn Pwint, wata tsohuwa mai jan baki saboda taune-taune. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Tsirkiyar garaya? 'Yar nan, mutumin ƙarshe da ya zo min da wannan maganar ya daɗe da zama toka."

Na ce an ce min ta iya.

"Wa ya ce? Ƙarya ya yi miki. Uwata ce ta iya. Ni bakin zare nake riƙe mata ina gyangyaɗi tana ranƙwashina."

Duk da haka ba ta kore ni ba. Ta ce abin da take tunawa shi ne a murza zaren siliki, a shafe shi da kunun shinkafa mai danƙo, a shanya a inuwa. Ta leƙa sama ta ja tsaki ta ce a daminar nan ko kare ba ya bushewa. Sai da ta tilasta min na ci kwaɗon ganyen shayi da soyayyen wake kafin ta sallame ni. Na dawo a jiƙe har cinya, motar haya ta mutu a hanya muka tura.

Asabar, da rana

Na zauna a gefensa. Na ce, "Saya, ni ce, Mi Nyo." Idonsa ya bi ta kaina ya wuce ya tsaya a kan fanka.

Ɓangaren dama yana nan yadda yake. Na hagu ne ke motsi. Hannun yana kan bargo, babban yatsa sai tura wani abu yake yi wanda babu, ya tura, ya huta, ya sake turawa. Kyi Pyar ta ce likita ya ce ba komai ba ne, jijiya ce kawai.

Na rera masa farkon Jirgi Ya Juya da baki, yadda ya koya mana tun muna sababbin shiga. Fanka ya ci gaba da kallo, ga shi ko wuta babu balle ta juya.

Lahadi, da yamma

Ruwa.

Talata, da tsakar rana

Tsirkiyoyi sun zo daga wajen Daw Ohn Pwint. Na shimfiɗa tabarma a ɗakin baya kusa da kicin, don kada ya ji ɓarnar da zan yi. Kusan rabi suka tsinke tun kafin su kai murya, ɗaya ta zabge ni a kumatu. Igiyar nan kuma mugunta gare ta. Sai ka matse ta da tafin hannu ka murɗa ka tura, ta wuce inda kake so, ka dawo da ita, ta zarce ƙasa. Ka gyara wannan waccan ta zame. Hannuna na hagu duk ya yi bororo.

Na gaji. Shekarata hamsin da biyu, ɗalibaina suna da nasu ɗaliban, ga ni zaune ina kokawa da igiya kamar wadda aka kawo jiya.

Juma'a, da safe

Daw Ohn Pwint ta aiko da na biyu, ta ce a gaya min a kan murhun gawayi ta busar da su, in sun yi warin kifi in yi haƙuri. Sun yi warin kifi. Amma sun tsaya.

Jiya da yamma na samu duka tsirkiyoyin goma sha uku suka daidaita, na taɓa. Sai da na ɗaga hannu.

Muryar siliki ƙarama ce, kamar mutum yana magana a ɗakin da ke kusa. Kuma ba ta daɗewa, kana taɓa ta ta faɗi abin da za ta faɗa ta yi shiru. Duk wuraren nan na sauri da nake fama da su a kan nailan, inda murya ke hawa kan murya har sai na bi kowace tsirkiya ina toshe mata baki da yatsa, nan da kansu suka fito ɗaya bayan ɗaya, tas. Ashe ba mutanen da ne suka cika kiɗansu da cunkoso ba, mu ne muka sauya musu tsirkiya. Shekara talatin ina jin haushin matattu a banza.

Na tashi da gudu zan je in gaya masa. Na kai bakin ƙofarsa na tsaya. Na dawo.

Asabar, da yamma

Akwai matsala, kuma ta biyar ce.

A tsakiyar Jirgi Ya Juya akwai wani dogon wuri da babban yatsan hagu ke danna tsirkiya ta biyar a jere, danna, saki, danna, saki, kamar masu tuƙi suna juya jirgi. Yana ƙarewa sai kiɗa ya tsaya cak na numfashi biyu. Nan ne wurin gaisuwa. Saya kan ɗaga hannun hagu ya taɓa wuyan garaya, sannan ya ci gaba. Duk wanda ya fito daga hannunsa haka yake yi, mu har mun ƙawata abin: mu miƙa hannu can sama wajen ganye, mu sunkuyar da kai, mu gaishe da malaman da suka wuce. Wani babban ɗalibi da ya rasu tuntuni shi ya gaya mana ma'anarsa muna sababbin shiga, ni ma haka nake gaya wa nawa. Bayan gaisuwa sai kashi na ƙarshe, wanda kusan duk a kan ta biyar yake tafiya.

To a kan siliki, kafin in gama danne-dannen nan ta biyar ta sauka. Ba da yawa ba, amma ya isa. Ina ɗago kai daga gaisuwa sai in faɗa kashin ƙarshe da murya mai tsami, kamar miyar da ta kwana.

Na sauya tsirkiyar. Ta sauka. Na ƙara wa igiyar naɗi. Ta sauka.

Lahadi, da hantsi

Ta biyar ta sauka.

Litinin, da hantsi

Ta sauka.

Talata, da yamma

Maung Htaik ya zo a kan babur ɗinsa, da rigar ruwa mai ruwan ɗorawa. Ƙanena ne a karatu a wajen Saya, yanzu kuma shi ke koyar da garaya a makarantar gwamnati, ya yi tumbi. Ya shiga wajen Saya ya fito idonsa ja, sai ya huce a kaina.

"Ma Nyo, wai ke har yanzu kina nan kina yi wa gawar garaya kwalliya? Warin me nake ji haka, kifi?"

"Warin tarihi ne, ba ka saba ba."

Na kaɗa masa. Da aka zo wurin sauri ya daina murmushi, na gani, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba. Da ta biyar ta sauka kuwa sai ya tafa hannu.

"Kin gani? Shi ya sa aka ƙirƙiro ƙusa. Mutanen da ba don daɗi suke shan wahalar nan ba, rashin yadda za su yi ne. Ki cire tsayawar nan ki wuce da sauri, wataƙila ki kai ƙarshe kafin ta gama zubewa. Ni na daɗe da cire ta wa ɗalibaina."

"Ka cire gaisuwar malamai?"

"Wace gaisuwa? Haba Ma Nyo. Al'adar tsoho ce kawai, kamar yadda wani ke susar kunne. Na saurari tsoffin faya-fayai, babu mai tsayawa a kiɗa don ya gaishe da kowa."

"Faya-fayan naka akwai Jirgi Ya Juya a ciki?"

Babu, ya sani, na sani. Kiɗan gidanmu ne, ba a taɓa ɗaukarsa ba. Na tuna masa ranar da ya taɓa tambayar Saya dalilin tsayawar, yana ɗan shekara goma sha biyu. Saya ya tofar da abin da yake taunawa ya ce, "Sake daga farko." Ranar har duhu yana sakewa daga farko. Tun daga nan babu wanda ya ƙara tambaya. Ba a tambayar malami dalili, ana kallon hannunsa ne.

Da zai tafi ya zaro wani abu daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Tsirkiyar nailan ce guda ɗaya, ya jiƙa ta a ruwan shayi har ta yi kalar siliki.

"Ki ɗaura a ta biyar. Wa zai sani? Shi ɗin ma..."

Bai ƙarasa ba. Gara da bai ƙarasa ba.

Laraba, da rana

Na yi tunanin ko akwai inda zan saci lokaci in gyara ta a tsakiyar kiɗa. Babu. Hannun hagu ba ya hutawa daga farko har ƙarshe sai a wurin gaisuwa, ni kuwa ba zan tsaya jan igiya ina tsakiyar gaishe da malamai ba. Ban lalace haka ba tukuna.

Nailan ɗin tana nan inda ya ajiye ta. Ban taɓa ba.

Alhamis, da yamma

Na taɓa.

Juma'a, da yamma

Na ɗaura nailan ɗin a ta biyar. Ba ta sauka. Na kaɗa daga farko har ƙarshe, na sake, ba ta motsa ba. Ya kamata in yi murna.

Wata ya fara cika, an soma rataye fitilun takarda a layinmu. Ruwa ya ja baya, yau har rana ta fito aka shanya barguna. Na shiga na gaishe shi. Fanka. Yatsa a kan bargo.

Abin da ban rubuta ba tun ranar nan, bari in rubuta in huta: bai san ni ba. Ina da shekara ashirin da biyu na zo gidan nan, na share tsakar gidansa, na dafa wa matarsa magani har ta rasu, ya zage ni ya fi a ƙirga, bai taɓa ce min na yi daidai ba ko sau ɗaya. In ka yi daidai shiru yake yi, in ka makara ya buga maka yatsu biyu a wuyan hannu. Ni ba yabo nake nema ba. So nake ya dube ni ya san wadda yake kallo kafin a sa shi a mota.

Lahadi, da tsakar rana

Ina bita Kyi Pyar ta shigo da shayi ta ajiye, ba ta fita ba. Ta jingina da ƙofa har na gama.

"Ma Nyo, ni fa ban san kiɗa ba, Baba ya gwada ni ya haƙura tun ina ƙarama. Amma akwai guda ɗaya a ciki mai ɗaga murya kamar mai tallan kifi a gidan makoki. Haka ake yi?"

Na ce a'a, ba haka ake yi ba.

"To. Na ɗauka kunnena ne." Ta juya za ta fita, sai ta tsaya. "Sauran kuwa... ban san haka take ba. Ina ganin na taɓa jin irin wannan, ina kwance a cinyar Mama. Ko mafarki ne, oho."

Idan Kyi Pyar ta ji, shi fa? In ma ba ya ji, ni na ji. Na kwance nailan ɗin na mayar da silikin Daw Ohn Pwint. Na kaɗa. Ta sauka, kamar tana jira na.

Litinin, da yamma

Ta biyar ta sauka. Ƙafata ta kumbura da zama. Na sayi kwakwa da ayaba da kyandir na gaisuwa.

Talata, da safe

Akwatunan Kyi Pyar sun fito baranda. Wani matashin sufi ya zo da igiyar awo ya auna tsawon garayar, ya yi min murmushi, ya ce za ta shiga daidai.

Laraba, da almuru

Gobe ne. Zan kaɗa da tsaminsa. Tsami na siliki ya ce in kawo masa, bai ce in kawo masa daɗi na ƙarya ba. Haka nake gaya wa kaina. Shekara talatin, abin ƙarshe da zai ji daga hannuna kuskure ne.

Alhamis, da almuru

Zan rubuta tun ban manta komai ba.

Da hantsi ɗalibai suka taru, tsofaffi da matasa, ɗakin ya cika har baranda. Kyi Pyar ta jingina shi da matasai, ta sa masa farar riga, ta ɗaura masa ɗan rawaninsa. Muka jera farantan kwakwa da ayaba a gabansa, muka durƙusa muka kai goshi ƙasa sau uku, muka roƙi gafarar duk abin da muka yi masa da jiki ko da baki ko da zuci. Nan ne malami ke cewa ya yafe, ya sa albarka. Aka yi shiru. Tsaka ta yi kuka a bango. Can Kyi Pyar ta ce da ƙaramar murya, "Ya yafe," muka tashi zaune kowa yana kallon tabarma.

Na ɗauko garaya. Kyi Pyar ta ce, "Abin nan naki ba ya da murya, matso kusa." Na matsa. Ta ce in ƙara. Har sai da na zauna a bakin gadon, garaya a cinyata, wuyanta ya lanƙwasa a kan bargonsa ta ɓangaren hagu.

Na fara. Ban dube shi ba, ba zan iya ba. Farkon ya tafi lafiya, wurin sauri ya fito tas, na ji wani a baya ya ja numfashi. Na shiga danne-danne, ina ji da kunnena tana zamewa a hankali a ƙarƙashin yatsana. Na kai wurin tsayawa. Na miƙa hannu can sama wajen ganye, na sunkuyar da kai, na rufe ido, a raina ina cewa malamai ku yi haƙuri da abin da zai biyo baya.

Sai na ji igiya ta yi ɗan ƙara, ƙiit.

Na buɗe ido. Hannun Saya ne a wuyan garaya. Ba a sama wajen ganye ba, a ƙasa, daidai kan igiyar ta biyar. Ya matse ta da tafin hannu, babban yatsa ya tura ta sama kamar tsawon ƙwayar shinkafa, ya saki. Turawar da yake yi a kan bargo ce. Taɓawar da na yi shekara talatin ina kallo ce. Nan yake taɓawa kullum, mu ne muka yi ta hawa da hannu sama don ya fi kyau a ido, shi kuwa in ɗalibi na kiɗa idonsa a rufe yake, bai taɓa ganin abin da muka mayar da shi ba.

Na daskare. Numfashi biyu suka wuce, na uku ya shiga. Sai ya ɗago hannun ya buga min yatsu biyu a wuyan hannu. Na makara.

Na dube shi. Ba fanka yake kallo ba. Ni yake kallo, ya haɗe gira, ransa a ɓace, sak yadda na san shi.

Na faɗa kashin ƙarshe. Ta biyar ta fito daidai, tsaf, ban taɓa jin ta haka ba. Na kaɗa hawaye na ɗiga a kan fatar barewa, ina tsoron kar ta jiƙe ta saki. Ya rufe ido. Bai sake buga min hannu ba har na gama. Shiru ya yi.

Da aka fito baranda Maung Htaik ya zauna a kan matakala yana dariya yana share ido da gefen zanensa.

"Gyaran tsirkiya ne, Ma Nyo. Gyaran tsirkiya! Wanda ya tsara kiɗan ya san za ta sauka, ya bar mata wuri. Ke kin yi shekara talatin kina yi wa igiya sujada, ni kuma na cire wurin gaba ɗaya."

Na ce, "Aƙalla ni na bar ƙofar a buɗe."

"Kin bar ta a buɗe kin tsaya a baki kin tare hanya."

Na kai masa duka da mafici. Ya ce gobe zai mayar wa ɗalibansa da tsayawar, ko da ƙusa suke kiɗa, kuma zai gaya musu dalili tun kafin su tambaya.

Na koma ciki na tarar Saya ya yi barci. Hannun hagu yana kan bargo a kwance, bai motsi. Ban sani ba ko ni ya gane ko tsirkiyar. Amma ni ya buga wa hannu.

Juma'a, da hantsi

Motar ta tafi. Maza huɗu suka ɗauke shi a kan katifa. Na ce, "Saya, sai na zo." Idonsa na kan rufin mota.

Kyi Pyar ta riga ta shiga, sai ta fito ta koma cikin gida, ta dawo da garayar a rungume, ta riƙe ta a karkace yadda ba a riƙewa. Ta dangwara min ita a hannu.

"Ungo. Zan ce wa sufaye agogo ya cika akwatin. In na kai ta can wa zai riƙa tura mata igiya?"

Na buɗe baki, ta ce, "Kar ki fara min kuka, Ma Nyo, hanya da nisa." Ta shiga ta ja ƙofa.

Asabar, da yamma

Na kaɗa a gida, ni kaɗai. Na zo wurin, na kai hannu kan igiyar ta biyar na tura, ta wuce. Na sake daga farko. Na tura, ba ta kai ba. Na sake daga farko. Babu wanda ya ce in sake.

Rana na shirin faɗuwa na dace, ƙwayar shinkafa ɗaya, ta zauna daidai. Ashe in hannu ya iya, numfashi ɗaya ya ishe shi. Saura ɗaya ya rage min babu abin yi, sai na sunkuyar da kai.